Dashen Kitse a Mazaunai: Aikin Wuni Ɗaya, Jinyar Watanni

Tun kafin zuwan wayar hannu Bahaushe yake yabon mace mai diri, wadda ake ce wa mai ƙirar kalangu, tsakiya a tsuke, ƙasa a cike. Don haka ake tsare amarya a ɗaki ana ɗura mata kunun gyaɗa da madara da farfesun kaza, domin ta shiga ɗakinta a murje. Daga baya ciko ya shigo, sannan ƙwayoyin ƙiba da mayukan shafawa suka cika kasuwa. Yau magana ta kai ga wuƙar likita. 'Yan matan Sintali da Magami da Mayo Gwoi a Jalingo suna kallon abin da 'yan matan Legas da Kano ke kallo a TikTok da Instagram, kuma sun san sunan aikin: BBL, tiyatar da ake zuƙe kitse daga ciki da baya a dasa shi a mazaunai.

Masu tallar wannan aiki suna da magana ɗaya da ke kwantar wa mace da hankali: "Ai kitsen jikinki ne, ba wani baƙon abu za a sa miki ba." Gaskiya ne kitsenta ne. Abin da ba a cika faɗa mata ba shi ne kitse nama ne mai rai, da jini yake rayuwa, kuma da zarar an raba shi da mazauninsa to yana iya kamawa, yana iya mutuwa, yana iya ruɓewa, yana iya kuma kutsawa cikin jijiya ya kai ga huhu. Tiyatar tana ƙarewa cikin 'yan awoyi a Legas ko Abuja ko Istanbul, amma makomar kitsen sai an ɗauki makonni da watanni kafin ta bayyana. A lokacin kuwa matar ta riga ta dawo gida, likitan da ya yi aikin yana can nesa, ita kuma kunya ta hana ta buɗe baki. A nan ne haɗarin ya fi tsanani ga 'yar Jalingo, kuma shi ne abin da ya kamata mu zauna mu tattauna a fili.

Yadda ake aikin

Matakin farko shi ne zuƙe kitsen. Bayan an sa mace barci, ko an kashe rabin jikinta, likita yana ɗura ruwan gishiri mai haɗe da maganin kashe zafi da na tsuke jijiyoyin jini a ƙarƙashin fatar ciki, gefen ciki, baya, wani lokaci har da cinya. Sai ya huda fatar ya cusa siririn bututun ƙarfe yana kai da kawowa, na'ura tana tsotso kitsen. Wani likitan Faransa, Yves-Gérard Illouz, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970. Mataki na biyu shi ne tace abin da aka tsotso, a raba kitsen da jini da ruwa da man da ya fashe. Na uku kuma a mayar da tataccen kitsen cikin mazaunai ta wani bututun, sau da yawa ɗaruruwan mililita a kowane ɓangare, wasu har su haura lita guda.

Tun a matakin farko akwai haɗari, domin likita ba ya ganin bakin bututun, da hannu yake lalube. 'Yan Najeriya ba su manta da Stella Obasanjo ba, matar shugaban ƙasa na wancan lokaci, wadda ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 a ƙasar Sifaniya bayan tiyatar zuƙe kitsen ciki. A 2009 wata kotu a Malaga ta sami likitan da laifin sakaci, bayan an tabbatar cewa bututun ya zarce cikin ciki ya huda hanji. Wannan mace ce da ba ta rasa kuɗi ko gata ba, a asibitin Turai kuma. Sai dai matsalolin da suka keɓanta da ƙarin mazaunai suna zuwa ne a mataki na uku, wurin dasa kitsen.

Kitsen da bai kama ba

Dashen kitse tsohon ilimi ne. Wani likitan Jamus, Gustav Neuber, ya ɗebi kitse daga hannun wani majiyyaci ya cike masa wani rami a fuska tun a 1893, kuma tun a lokacin ya lura cewa ƙananan gutsattsari ne ke kamawa, manya ba sa yin albarka. Fiye da shekara ɗari bayan haka, dalilin bai sauya ba. Kitsen da aka zuƙo an tsinke shi daga jijiyoyin da ke ciyar da shi. A kwanakin farko yana rayuwa ne da ɗan abin da ke tsattsafowa daga naman da ke kewaye da shi, har zuwa lokacin da sababbin jijiyoyi za su tsiro su shige shi. Binciken da Kotaro Yoshimura da abokan aikinsa suka wallafa a Japan a 2012 ya nuna cewa a kowane gutsuren kitse da aka dasa, siririn sashe na waje ne kawai ke tsira kai tsaye, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Sashen da ke bi masa yana mutuwa amma jiki yana iya sake gina shi. Na can tsakiya, idan gutsuren ya yi kauri, mutuwa yake yi ɗungurungum.

Duk wanda ya taɓa ganin dashen shinkafa a fadamar Lau ko Gassol zai gane wannan. Idan aka rarraba tsiron, kowanne ya taɓa ƙasa, sai ya kama. Idan aka dunƙule dami guda aka cusa a rami ɗaya, na gefe ne zai yi saiwa, na tsakiya ya ruɓe. Ƙwararren likita yana zuba kitsen ne siri-siri, layi bayan layi, kuma ya san iyakar abin da fatar mace za ta iya ɗauka. Mai gaggawa, ko wanda aka matsa masa da "likita a ƙara, ina so ya fito sosai," shi ne ke tara shi wuri ɗaya.

Ko da aikin ya yi kyau, wani kaso na kitsen yana narkewa jiki ya shanye shi cikin watanni uku zuwa shida na farko, sau da yawa tsakanin ɗaya bisa biyar zuwa rabin abin da aka zuba. Girman da ake nunawa a hoton mako na farko wani ɓangarensa kumburi ne. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya narkewa, sai mazaunai su karkace, ko wani wuri ya lotsa.

Kitsen da ya mutu da yawa kuwa ba ya ɓacewa salin-alin. Ƙwayoyinsa suna fashewa su zama mai, jiki ya kewaye man da tauri kamar jaka, sai a ji ƙullutu a ƙarƙashin fata. Wani ƙullutun yana da laushi, cike da ruwan mai. Wani yana taurarewa da tabo, daga baya sinadarin ƙashi ya taru a jikinsa ya zama tamkar tsakuwa. Alamun suna fitowa ne bayan makonni ko watanni: wuri mai tauri, zafi in an zauna ko an danna, fata ta yi duhu ko ja, wani lokaci wurin ya fashe yana fitar da ruwa mai maiƙo ruwan ɗorawa. Ƙananan ƙullutai da ba sa ciwo akan bar su a sa musu ido, da yawa suna raguwa da kansu. Mai ruwan mai ana iya zuƙe shi da allura ana kallo ta na'urar sikanin. Mai tauri da ke hana zama sai an sake tiyata an cire shi, kuma cirewar tana barin rami da tabo. Gyaran siffar da ta lalace ba a fara shi sai an jira aƙalla wata shida jiki ya lafa, sannan yana buƙatar sabon kitse, wanda wataƙila an riga an kwashe a karon farko.

Kitse a cikin jijiya

Mutuwar kitse tana wahalarwa, amma ba ita ce ta fi kisa ba. A ƙarƙashin babbar tsokar mazaunai akwai manyan jijiyoyi masu mayar da jini zuwa zuciya, bangonsu siriri ne. Idan bututun ya nutse cikin tsokar ya yage ɗaya daga cikinsu, kitsen da ake turawa da ƙarfi yana samun ƙofa. Daga nan jini ya ɗauke shi zuwa ɓangaren dama na zuciya, ya wuce ya toshe hanyoyin huhu. Numfashi ya sarƙe, matsin jini ya faɗi, zuciya ta tsaya. Yawanci wannan yana faruwa ne a kan gadon tiyata ko cikin awoyin farko, kuma babu maganin da ke narkar da kitse kamar yadda ake narkar da gudan jini. Akwai kuma wani nau'in da ƙananan ɗigon mai ke bazuwa cikin jini, alamunsa su bayyana bayan kwana ɗaya zuwa uku: haki, ruɗewar tunani, da ƙananan jajayen ɗigo a ƙirji ko cikin ido. Wannan yana buƙatar sashen kulawa ta musamman da na'urar taimakon numfashi.

Likitocin Meziko da Kolombiya ne suka fara buga ƙararrawa a 2015, da suka bi diddigin gawarwakin matan da suka mutu bayan wannan aiki suka tarar da kitse a cikin tsoka da cikin huhu. A 2017 wani kwamitin likitocin gyaran jiki a Amurka ya tambayi ɗaruruwan likitoci a faɗin duniya, kuma ƙiyasin da ya yaɗu daga wannan bincike shi ne mutuwar mace 1 cikin kimanin 3,000, adadin da ya zarce na kowace irin tiyatar kwalliya. A 2018 manyan ƙungiyoyin likitocin suka haɗu suka yi gargaɗi cewa kada a sake zuba kitse a cikin tsoka ko ƙarƙashinta, a tsaya a tsakanin fata da tsoka kawai. A shekarar ne kuma ƙungiyar likitocin kwalliya ta Birtaniya ta shawarci 'ya'yanta su dakatar da aikin baki ɗaya, bayan mutuwar wata 'yar ƙasar da ta je Turkiyya. Sai a 2022 ta sassauta, bisa sharaɗin a zuba kitsen a sama-sama, likita yana kallon bakin bututun ta na'urar sikanin.

Wani binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna adadin mutuwar ya sauko zuwa kimanin 1 cikin 15,000 a hannun likitocin da suka bi sabuwar ƙa'ida. Amma jihar Florida ta Amurka ta koya wa duniya wani darasi. Ta haramta zuba kitse a tsoka a 2019, duk da haka mata suka ci gaba da mutuwa. Da aka bincika mace-mace 25 da suka auku a kudancin jihar tsakanin 2010 da 2022, sai aka ga fiye da kashi 90 cikin ɗari sun faru ne a asibitocin araha, inda likita ɗaya ke yi wa mata da yawa aiki a rana. Shi ya sa a 2022 hukumar likitocin jihar ta wajabta amfani da sikanin, ta kuma ƙayyade aiki uku kacal ga likita a wuni. Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado.

Ƙwayoyin cuta da sauran wahalhalu

Mataccen kitse abinci ne ga ƙwayoyin cuta, jini ba ya isa gare shi balle maganin da aka sha ya kai can, ga shi kuma wurin yana maƙwabtaka da dubura. Idan ƙwayar cuta ta shiga, sai ƙurji ya taru a ciki: zazzaɓi, kumburi mai zafi, mugunya. Irin wannan sai an tsaga an matse, ƙwaya kaɗai ba ta isa. Mafi muni ita ce cuta mai cin nama, wadda ke bin ƙarƙashin fata da gudu. Alamarta ciwo ne da ya zarce abin da ido ke gani, fata ta yi baƙi ko ta yi bororo, majiyyaciya ta galabaita. A nan kowace awa tana da daraja, domin rai ake ceto ta hanyar yanke duk naman da ya mutu.

Akwai wata ƙwayar cuta, 'yar uwar mai kawo tarin fuka, da ke rayuwa a cikin ruwan famfo da kayan aikin da ba a dafa su yadda ya kamata ba. Ita ba ta gaggawa. Sai bayan makonni, har an ce an warke, ƙuraje su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna fashewa suna tsiyaya, ba sa jin maganin da aka saba bayarwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gano mutum 21 da suka kamu da irinta tsakanin 2013 da 2014 bayan sun je Jamhuriyar Dominika tiyatar kwalliya. Gano ta yana buƙatar likita ya san an yi tiyata, ya gaya wa ɗakin gwaji abin da ake nema, maganinta kuma haɗin magunguna ne na tsawon watanni, sau da yawa tare da tiyata.

Bayan waɗannan akwai taruwar ruwa a wuraren da aka zuƙe, zubar jini da ke jawo ƙarin jini, daskarewar jini a ƙafa wanda kan ɓalle ya tafi huhu, da taɓuwar babbar jijiyar da ta sauko daga ƙugu zuwa ƙafa, abin da ke kawo sanyin ƙafa ko jan ta. Fatar ciki tana iya yin gargada ko ta yi tabon ƙuna. Baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabo mai tudu a wuraren da aka huda.

Abin da ya sa nauyin ya fi yawa a Jalingo

Matar da ta ƙuduri yin wannan aiki daga Jalingo tafiya za ta yi, ko Abuja, ko Legas, ko ƙasar waje. Bayan aikin ana hana zama a kan mazaunai na aƙalla mako biyu, sannan a ci gaba da zama a kan matashi na musamman har wajen mako shida zuwa takwas, saboda nauyin jiki yana matse sababbin jijiyoyin da kitsen ke jira. Kuɗin masauki a Legas ba ya barin kowa ta yi wannan zaman. Hanyar Abuja zuwa Jalingo ta Wukari tafiyar wuni ce cur a mota, ga ramuka, ga gadar Namnai da ambaliya ta karya a 2024 ta ƙara wa matafiya wahala. Ko ta jirgi ce zuwa filin Danbaba Suntai ko Yola, sai an zauna. Doguwar tafiya a kwanakin farko tana kashe kitsen da aka biya kuɗi aka dasa, tana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini. Ga zafin Maris da Afrilu, mace tana cikin matsattsiyar rigar da ake sawa bayan tiyata dare da rana, gumi yana jiƙa raunin.

Idan matsala ta taso, wanda ya yi aikin sai dai a same shi ta WhatsApp, kuma hoto ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin fata. Waɗanda za su tari lamarin su ne likitocin Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wato FMC Jalingo, da na Asibitin Ƙwararru na jihar, in abin ya yi tsanani a tura Yola ko Gombe ko Jos. Za su karɓi mace ba tare da takardar da ta nuna yawan kitsen da aka zuba ba, ko zurfin da aka kai, ko magungunan da aka ba ta. Likitocin gyaran jiki kuwa 'yan kaɗan ne a Arewa, kuma hannunsu cike yake da masu ƙuna, da waɗanda suka yi haɗarin mota, da yara masu tsagaggen leɓe, da masu ciwon noma irin waɗanda ake yi wa aiki a asibitin Sakkwato.

Sai babbar matsalar, wato ɓoyo. Da yawa ba sa gaya wa iyaye, wasu ko miji bai san gaskiyar tafiyar ba. Idan ƙullutu ya fito, sai a fara da ruwan zafi da man zafi, a kira mai tausa ta murza wurin, a aika kemis a sayo kafso. Murza mataccen kitse yana ƙara fasa shi, shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai kuma yana rufe alamun ya bar cutar tana ci. In an kai ga asibiti sai a ce wa likita maruru ne, ko allura ce ta yi ƙurji. Likitan da aka ɓoye wa tarihi zai yi ta maganin abin da ba shi ba ne. Ko bayan an warke, ma'aikaciyar jinya da za ta yi allura a mazaunai tana buƙatar sani, domin kitsen da ya yi kauri yana iya hana allurar kai wa ga tsoka, ya fi kyau a nemi wani wurin.

Akwai kuma abubuwan da mace ke shiga ɗakin tiyata da su ba tare da ta ɗauke su a bakin komai ba. Siririya akan ce mata ta je ta ƙara ƙiba kafin a samu kitsen ɗiba, ita kuma ta nufi ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai dezametazon a ciki. Wannan magani yana raunana garkuwar jiki, yana ɗaga sukari, yana hana rauni warkewa, kuma wadda ta daɗe tana sha in ta daina kwatsam jininta na iya faɗuwa a tsakiyar tiyata. Mayukan bilicin masu ƙarfi suna sirantar da fata. Shisha da sigari suna tsuke ƙananan jijiyoyin da dashen ya dogara da su. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ƙara haɗarin daskarewar jini. Mai sikila, mai ƙarancin jini, mai ciwon sukari ko hawan jini, kowaccensu tana da nata ƙarin haɗari. Likitan da bai tambayi waɗannan ba, bai kuma yi gwaji ba, ya riga ya nuna irin aikinsa.

Wane ne ke riƙe da wuƙar

A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista da ladabtar da su. Amma takardar zama likita daban, ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki daban. Ƙwararre shi ne wanda ya yi shekaru yana horo bayan digiri, ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Likitocin Tiyata na Afirka ta Yamma, kuma irinsu suna da ƙungiyarsu mai suna NAPRAS. Wanda ya je kwas na 'yan makonni a waje ya dawo ya buɗe shafi a Instagram ba ya cikin wannan sahu, komai yawan mabiyansa. A 2020 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani asibitin kwalliya a Legas bayan koke-koken waɗanda aka yi wa aiki, abin da ya nuna cewa doka tana iya motsi, sai dai takan motsa ne bayan ɓarna ta auku.

Ƙasa da wannan akwai wata kasuwar da ta fi kusa da aljihun talaka, kuma ita ce ta fi sauƙin isowa gari irin Jalingo: allurar ƙarin mazaunai da ake yi a shagon kwalliya ko ɗakin otal, ana cewa ba tiyata ba ce. Abin da ake ɗurawa yana iya zama silikon na ruwa ko wani haɗin da ba a san asalinsa ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan allurar silikon tun a 2017. Shi ma yana shiga jijiya ya kashe, wanda bai kashe ba kuma yana malala cikin nama, ya haddasa kumburi da gyambo bayan shekaru, kuma ba ya ciruwa sai an haɗa da naman. Gwamnatin Taraba da NAFDAC suna da hurumin sa ido a kan irin waɗannan wurare tun kafin a fara ɗaukar gawa.

Addini, da masu tura mata

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan tiyatar gyaran jiki a Putrajaya ta Malesiya a 2007. Matsayarta ita ce ya halatta a gyara nakasa, ko abin da ƙuna ko haɗari ko cuta ta ɓata, amma bai halatta a sauya lafiyayyar halitta don bin sha'awa ko kwaikwayon wasu ba. Malamai kan kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i da ta yi magana a kan sauya halittar Allah, da kuma hadisin sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi aka ba shi izinin sa na zinariya. Jalingo gari ne na masallaci da coci, kuma a ɓangarorin biyu an yarda cewa jiki amana ne. Sai dai wa'azin da ya tsaya ga la'antar wadda ta riga ta yi aikin yana ƙara tura ta cikin ɓoyo. Marar lafiya haƙƙinta ne a yi mata magani, hisabi kuwa na Ubangijinta ne.

Ya kamata kuma mu tambayi kanmu wa ke tura ta. Akwai mijin da ke gwada matarsa da hotunan waya bayan ta haifa masa 'ya'ya huɗu. Akwai tsoron kishiya, da gorin ƙawaye a gidan biki, da dillaliyar da ke karɓar la'ada a kan kowace mace da ta kai asibiti. Mai tallar da ke nuna jikinta ba ta nuna ranar da ake matse mata mugunya. Namijin da ya biya kuɗin tiyatar, ko ya yi ta gori har aka je, yana da kaso a cikin duk abin da ya biyo baya.

Abin da ya rage a yi

Shawarata ga 'yar'uwa mai lafiyayyen jiki ita ce ta bar shi. Babu cutar da wannan tiyata ke warkarwa, kuma ko a hannun gwani haɗarinta bai gushe ba. Kitsen da ya kama ma yana bin jiki ne, ya ƙaru in an yi ƙiba, ya zube in an rame, ya sauya da ciki da shekaru, shi kuwa yayin da aka bi wucewa zai yi. Kada garin neman ƙiba a samo rama.

Wadda ta dage sai ta yi, to ta tambayi likita ido da ido: takardar ƙwarewarsa daga wace kwaleji take? A ina zai zuba kitsen, kuma zai yi amfani da sikanin? Mata nawa yake yi wa aiki a rana? Wane ne zai sa ta barci, likita ne ƙwararre? Akwai sashen kulawa ta musamman da jini a ajiye? Wa zai ɗauki nauyi in matsala ta taso? Ta faɗi duk maganin da take sha ko shafawa, ta tanadi kuɗin zama kusa da asibitin na makonni, ta karɓi rubutaccen bayanin aikin kafin ta taho, sannan wani babba a gidansu ya san inda take.

Wadda ta riga ta yi kuwa, ta riƙe waɗannan alamu: haki ko ciwon ƙirji, ruɗewa, zazzaɓi, kumburin ƙafa ɗaya, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, fatar da ta yi baƙi, ruwa mai wari. Ko ɗaya ta gani, asibiti za ta nufa a wannan daren, ta kuma faɗa wa likita abin da aka yi mata da ranar da aka yi. Likitoci da ma'aikatan jinya na Jalingo su ma akwai nasu: su riƙa tambayar tarihin tiyatar kwalliya a keɓe, cikin mutunci, su riƙe sirri kamar yadda aikinsu ya wajabta, domin mace ɗaya da aka yi wa dariya a ɗakin jinya ta isa ta hana goma zuwa. Iyaye mata da yayye su buɗe wannan zance da 'ya'yansu tun kafin dillaliya ta riga su, su kuma tabbatar musu cewa duk abin da ya faru, gida ne wurin farko da za su kawo kukansu.